Fuskar Kwando

Damagaram, ranar Alhamis

Zuwa ga Kawu Ɗanƙarami, a Gidimuni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna Delu da Yaya Hassan da iyalinsa. Ya ciwon gwiwar nan? Ni lafiyata ƙalau, sai godiyar Allah. Innata ma ta aiko daga Gafati cewa tarin ya sake ta.

Ni ne Ɗan Azumi, ɗan Salamatu, wadda kakarku ɗaya da ita. Na faɗa ne don kada ka yi ta juya takarda kana neman mai wannan karkataccen rubutu. A lakwal, karatun boko, ban yi nisa ba, ka sani, sai ka yi haƙuri da hannuna. Na ƙi kiran ka a wayar salula saboda rezon Gidimuni yana yanke magana, kai kuma in ka ɗauka sai ka ɗaga murya duk bakin tafki su ji. Maganar nan kuwa ba ta kunnen dillalai ba ce. Shofer Umar zai riƙa kai mana takarda yana kawowa, mun yi magana da shi.

Kawu, tun da na fara tsaron rumfar kayan miya a Kasuwar Dole nake ganin tumatin Gidimuni yana shigowa. Ina ganin yadda dillali yake sayen sa a bakin garkarku kamar kyauta, ya zo nan ya sayar kamar nama. Abin yana cin raina. To, yanzu Allah ya kawo hanya.

Akwai wata Babarbariya, Hajja Aisa, tana da restora kusa da tasha. Tukwanenta ba sa sauka daga murhu tun hantsi har la'asar. Kullum a wajenmu take sayen tumati, kullum kuma sai ta yi faɗa. Jiya ta ce mini, "Kai ɗan nan, duk garin nan ba manomi ɗaya da zai kawo mini kaya daga garka zuwa ƙofata, in huta da 'yan tsakiya?" Na ce mata ina da kawu. Maigidana mai rumfar ma ya yarda, ya ce faɗanta ya fi ribarta yawa. Tana son kwando biyu duk mako, har ƙarshen tumati.

Amma bari in gaya maka irin matar. In aka ajiye mata kwando, ba ta duban sama. Sai ta tura awarwaronta baya, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta zaƙulo na can ƙasa. Shi take dubawa, shi take shinshinawa. Na daɗe ina kallon ta tana haka, ban taɓa ganin ta fasa ba, ko a wajen wa.

Saboda haka ina roƙon abu ɗaya, kuma kunya ce ta sa na sa shi a takarda maimakon baki. Kada a yi wa kwandon Hajja fuska. Kada a jera manya jajaye a sama, ƙanana da masu tabo a ƙasa. Abin da ke sama ya zama shi ke ƙasa. In ƙanana ne, a bar su ƙanana, ni zan gaya mata tun kafin a sauke. Na lura mai saye ba ƙanƙantar kaya ke ɓata masa rai ba. Abin da ke ɓata masa rai shi ne ya sa ransa ga wani abu, ya je gida ya tarar da wani.

In ka yarda, ka ba Umar kaya mako mai zuwa. A gaida Inna Delu, a ce mata har yanzu ban ci miyar kuka irin tata ba.

Ɗanka, Ɗan Azumi.

*

Gidimuni, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗana Ɗan Azumi.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, muna lafiya. Gwiwa tana nan, ita ma ta saba da ni. Delu tana amsawa, ta ce in kana son miyar kuka ka san hanyar gidan.

Rubutunka ba laifi. Ni da na yi karatun manya a ƙarƙashin bishiya ba zan yi wa kowa dariya ba.

Na yi murna ƙwarai, Allah ya yi maka albarka. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya zo a kan gaɓa. Hassan ya ce garka ba ta ciyar da mai iyali, yana ta maganar tafiya Jado haƙar zinariya. Har jaka ya saya. Ni gwiwata ba za ta iya ban ruwa ba, in ya tafi garka ta mutu. Na ce masa ya dakata mu ga wannan Hajja taka. Ya ce in cinikin ya ɗore har ƙarshen tumati, kuma ta ce tana so baɗi, zai zauna. Ka ga abin da ke cikin kwandon nan ke nan.

Sai maganar fuska. Ɗan Azumi, birni ya shiga kanka? Tun kafin a haifi uwarka ake yi wa kwando fuska a bakin tafkin nan. Ubana ya yi, ubansa ya yi, kuma ba ɓarayi ba ne. Mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani. Kai in za ka ɗaurin aure, tsohuwar riga kake sawa a sama? Kwando ma baƙo ne, yana shiga gari da adonsa. In na aika shi tsirara, sai a ce Ɗanƙarami bai iya noma ba.

Amma na ji. Zan rage. Ga kwando biyu nan wajen Umar.

Kawunka, Ɗanƙarami.

*

Damagaram, ranar Laraba

Kawu, barka da war haka. Ina gaishe ku duka, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni lafiya, sai ɗan mura na sanyin safe.

Kaya sun iso. Na ga ka rage, kamar yadda ka ce. Amma Kawu, fuskar da ka rage ma ta isa a kai amarya.

Ga yadda aka yi. Na ɗora kwandunan a amalanke na kai ƙofar restora. Hajja ta fito tana goge hannu, ta ga jajayen nan manya suna sheƙi, ta ce, "Wushe, wushe, sannu da aiki! Wannan kawun naka mutum ne!" Ni kuwa na san yabon nan ba zai daɗe ba. Ta tura awarwaro, ta zura hannu, ta fito da wani ɗan ƙanƙane mai tsage a gefe. Ta ɗaga shi sama, ta dube shi, ta dube ni.

"Wannan jikan na saman ne, ko bawansu?"

Masu wanke kwanoni suka fashe da dariya. Ta ce, "Kai ma, Ɗan Azumi? Da bakinka ka ce mini babu fuska."

Ban yi gardama ba, ban kuma ce laifin hanya ba ne. Na ce ta ba ni tabarma. Na juye kwandunan duka a gabanta, na zauna na ware su kashi uku: manya masu tauri na yankawa a salati, matsakaita na miyar yau da gobe, sai masu laushi da za a kai inji yanzu-yanzu. Na ce, "Hajja, ga abin da ke ciki, babu sauran abin ɓoyewa. In ba ki so in mayar rumfa."

Ta bi kashi ukun nan da ido ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "Ai masu laushin nan su nake so na miyar rana, sun fi ba da ja. Wa ya ce a ɓoye mini su?"

Ka ji fa, Kawu. Abin da ka binne a ƙasa don kunya, shi take nema. Da an gaya mata da ta yi murna da shi. Da ta tono shi da hannunta kuwa, sai ya zama cuta.

Maganar rigar ɗaurin aure, gaskiyarka. Sai dai mai riga gaisawa kawai yake yi ya wuce, ba wanda zai tuɓe shi. Kwandon Hajja kuwa sai an kai ƙasansa kullum. Dillali yana sayar wa mutum yau, gobe ba zai sake ganin sa ba, fuska tana yi masa aiki. Mu mace ɗaya gare mu, kuma duk mako ita ce dai. Wanda za ka koma wa ba a yi masa abin da zai tuna da kai a gaban tukunya.

Ta ce a sake kawowa sau ɗaya ta gani. Don Allah a ware tun daga garka: kwando ɗaya masu tauri, kwando ɗaya masu laushi. In wani mako kayan ba kyau, ka rubuto mini ko ka gaya wa Umar, in riga kwando isa wajenta da labari. Labari mara daɗi in ya riga kaya zuwa, rabin zafinsa ya huce kafin a sauke.

Ka gafarce ni in na yi tsaurin ido. A gaida Yaya Hassan, a ce ya rataye jakar nan tukuna.

Ɗan Azumi.

*

Gidimuni, ranar Asabar

Ɗan Azumi, muna lafiya, muna fatan murar ta tafi. Ka sha citta da kanumfari.

Na daɗe ban rubuto ba don ba abin faɗa, kwanduna suna tafiya, Umar yana dawowa da saƙon Hajja daidai. Na bi maganarka, ina warewa. Maƙwabcina Suma'ila, wanda garkarsa ke jikin tawa, ya leƙo ta kan shinge ya ga ina zuba ƙanana a sama. Ya ce, "Ɗanƙarami, ido ne ya tafi ko hankali?" Na ce masa duka biyun suna nan, yaro ne ya ba ni aikin lakwal. Yanzu duk bakin tafki suna kira na mai kwando tsirara. Ba komai. Dillalan da suke wuce ni suna taɓe baki, su ne yanzu suke tsayawa tambayar ina nake kai kaya.

To ga babban labari. Hajja da kanta ta kira ni a salula, Umar ya ba ta lamba. Mace mai murya! Ta ce za ta aurar da ɗiyarta Zuwaira bayan ƙaramar Salla, dangi za su zo daga Diffa da Gure, kuma ba ta son tumatin kowa a tukunyar bikin sai nawa. Kwando goma take so, a rana ɗaya. Ta ce, "Malam Ɗanƙarami, zan iya kwantar da hankalina?" Na ce ta kwantar har ta yi minshari.

Hassan da ya ji, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ka ga kawunka ma ya iya ciniki.

Ɗanƙarami.

*

Damagaram, ranar Talata

Kawu, ina gaisuwa, ina gaida Inna Delu. Mura ta tafi, citta ta yi aiki. Ya azumi, ya zafin da ya fara?

Na karanta takardarka, na yi murna da Hajja ta neme ka da kanta. Amma tun da na ninke ta hankalina bai kwanta ba.

Kwandunan makon nan da na jiya na duba su da kyau. Tumatin yana ƙanƙancewa, fatarsa tana kauri, wasu na ga hudar tsutsa kusa da hanci. Na tambayi Umar, ya ce ganyen garkarka ya fara naɗewa ta gefen gabas, inda ruwa ya ja baya. Bikin nan sai bayan Salla, lokacin zafi ya kankama. Kawu, kai ka fi ni sanin garkarka. Ka shiga ka duba tsakaninka da Allah: ranar nan za ta ba da goma?

Na san abin da ya sa ka amsa. A wajenmu ba a ce wa uwar amarya a'a. Ana amsa mata da daɗin baki, in rana ta zo a kai abin da ya samu, ita ma ta san haka ake yi, sai ta nemi cikon a maƙwabta. Amma wannan a ƙauye ne, inda garka take bayan gida. Hajja ta riga ta gaya wa maigidana kada ya ajiye mata komai. Ta sallami kowa saboda kai. In ranar ta zo aka sauke mata rabi, ba inda za ta juya, ga baƙi a zaune. Wannan ita ce fuskar kwando, Kawu, sai dai da baki aka yi ta. Manya a sama ranar alkawari, ƙanana a ƙasa ranar biki.

Shawarata, ka kira ta tun yanzu da sauran lokaci. Ka faɗi abin da ka tabbata garka za ta bayar, har ka rage kaɗan a kan haka. In ka ce huɗu ka kawo biyar, kai ne gwarzo. In ka ce goma ka kawo tara, kai ne wanda ya ba ta kunya. Sauran kuma a nemo a wajen Suma'ila. Umar ya ce tasa garkar ta fi kusa da ruwa, kuma ya yi dashe a baya, nasa yanzu yake nuna. Ka gaya wa Hajja gaskiya cewa na maƙwabcinka ne.

Za ta yi faɗa, na san ta. Amma faɗan yau na kwana ɗaya ne.

Ina jiran amsa wajen Umar.

Ɗan Azumi.

*

Damagaram, ranar Juma'a

Kawu, assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Umar ya zo sau biyu da kwanduna, ba takarda. Na tambaye shi, ya ce kana nan lafiya, ya miƙa maka tawa hannu da hannu, ka karanta ka sa a aljihu. Na kira salularka, Inna Delu ta ɗauka ta ce ka fita.

In maganata ce ta yi zafi, ka yafe mini. Ni ɗa ne. Amma ban janye ta ba.

Jiya na kai kaya na tarar da Hajja ta sa an fito da manyan tukwanen biki ana wankewa, gidan duk ƙanshin turaren wuta. Ta ce, "Ɗan Azumi, shinkafa ta zo, mai ya zo, sa yana ɗaure. Tumati ne kawai ban sa a raina ba, don yana hannun mutumin kirki." Na sunkuyar da kai na ce Allah ya kai mu.

Ban gaya mata komai ba, kuma ba zan gaya mata ba. Kai ka yi alkawarin, a bakinka ya kamata ta ji gyaransa. In daga wajena ta ji, ta gama yarda da kai ke nan, ko da kayan sun cika. Zan jira. Na iya jira, aikina ne a rumfa. Sai dai Salla ba ta jiran mu.

A gaida kowa.

Ɗan Azumi.

*

Gidimuni, ranar Litinin

Ɗana,

Muna lafiya. Shirun ba na ciwo ba ne, na fushi ne, kuma gara ka sani.

Da na kai inda ka rubuta sunan Suma'ila, ban ƙara ganin sauran ba. Na ce wato yaron nan ya ga garkata ta tsufa kamar mai ita, yana so ya miƙa Hajja ga mai sabon dashe. Mutumin da yake kira na mai kwando tsirara, shi zan kai wa cinikina har gida? In ta ɗanɗana nasa manya, me za ta yi da nawa baɗi? Na yi ta juya wannan a raina ina azumi.

Delu ce ta gaji da ni. Ta ce, "Malam, takardar nan ta kusa yagewa a aljihu. In ƙarya yaron ya yi, je ka garka ka ƙaryata shi." Na ɗauki sanda, muka shiga da Hassan bayan asuba, muka bi shukar kunya-kunya. Da muka kai bakin shinge ya ce, "Baba, in an samu biyar an gode Allah." Na sake karanta takardarka a tsaye a wurin, wannan karon har ƙarshe.

Na kira Hajja. Na tafi can bayan dabinai inda ba kowa, don ka ce ina ihu. Na ce mata, "Hajja, na yi miki alkawarin da garkata ba ta yi mini ba. Huɗu nake da tabbas. Sauran zan karɓo wajen maƙwabcina, ni zan tsaya a kan zubin, in kin yarda. In ba ki yarda ba, ga lokaci, ki nema a kasuwa."

Kai, Ɗan Azumi! Ashe duk abin da ka faɗa a kan matar nan ka rage. Ta yi Hausa, Hausa ta ƙare, ta koma Barbarci. Ta ce ta sallami mutane saboda ni. Ta ce wa ya san maƙwabcina, wa ya san abin da zai cusa a ƙasa? Na riƙe salula nesa da kunne ina cewa gaskiyarki. A ƙarshe ta ce, "Kawo. Amma wallahi kowane kwando sai na kai ƙasansa, in na ga abin da ban so ba, kada in sake jin sunan Gidimuni." Ta kashe.

Na je wajen Suma'ila. Ya sa ni na tsaya a rana yana gyaran motopompu na ban ruwa kafin ya ɗago. Ya yarda, amma da na ce ba fuska, ya ce kayansa ba sa fita tsirara. Na ce to ni zan tuɓe su da hannuna, shi ya juya baya. Haka muka rabu, yana dariya.

Ban sani ba ko na gyara ko na ɓata. Hassan ya sauko da jakarsa ya kaɗe ta, ya mayar. Ka yi mana addu'a.

Kawunka.

*

Damagaram, ranar Alhamis

Kawu, barka da Salla, barka da shan ruwa. Allah ya maimaita mana. Ina gaida Inna Delu da Yaya Hassan. Ni lafiya, sai gajiyar biki, don Hajja ta sa ni ɗaukar kujeru kamar ɗan gida.

Na dakata da rubutu sai da na ga ƙarshen abin, don kada ni ma in yi maka fuska.

Ranar da kaya suka iso, ta fito da zanen aiki, fuska ba walwala. Ta ƙirga, ta ga goma sha ɗaya. Na ce, "Naki na alkawari huɗu ne daga garkar Kawu, Allah ya ba da biyar. Waɗannan masu ɗaurin kaba su ne na maƙwabci." Ta tura awarwaro ta fara. Kowane kwando sai da ta kai ƙasansa, na Suma'ila har sau biyu, ta gefe da ta tsakiya. Duk wanda ta zaƙulo sai ta ɗora shi kusa da na sama ta gwada. Ƙanwarta da ta zo daga Diffa ta ce, "Ya Aisa, zobe kika yar a ciki?" Ta ce, "Ƙarya nake nema." Ta gama, ta wanke hannu, ta ce a shiga da su. Ko sannu ba ta ce mini ba.

Aka yi biki, miya ta yi ja, ta isa har aka aika maƙwabta. Ni dai ban sa rai ba, don na ga manyan na Suma'ila sun shiga idonta, ta ɗaga ɗaya tana juya shi.

Jiya Umar ya kawo kwandonka na mako, guda ɗaya. Tun shekaranjiya na riga na gaya mata abin da ka ce: na ƙarshe ne, ƙanana ne, zafi ya taɓa su, na miya kawai. Na ajiye a ƙofa, na ja baya ina jiran awarwaro. Ta fito tana magana da mai kawo itace, ta dubi kwandon da gefen ido, ta ce wa mai aikinta, "Hadiza, shiga da shi."

Kawu, ba ta sa hannu ba.

Na ce a raina ko don lallen biki ne. Na duba hannun, lalle ya bushe tuni har ya fara kodewa. Na kasa shiru, na ce, "Hajja, ba ki duba ba." Ta ce, "In duba me? Ba ya ce ƙanana ne ba?"

Sannan ta ce in tambaye ka. Tumati ya ƙare, to me garka take bayarwa da zafi? In akwai albasa da kabewa tana so. Baɗi kuma tun farkon sanyi kwando uku take so duk mako. Na ce mata na maƙwabcin sun fi girma, in tana son lambarsa. Na faɗa ne don in ji. Ta ce, "Girma a kasuwa ma akwai. Wanda zai kira ni ya ɓata mini rai tun da sauran lokaci, shi ne babu. Amma ka gaya masa in ya sake ce mini in yi minshari, sai na zo Gidimuni da kaina."

Saura abu ɗaya, kada ka yi fushi. Kwandon nan na ƙari ya yi kyau a biki, amma kada ya zama na kullum. In ka saba mata da ƙari, ranar da ka kawo daidai za ta ga kamar ka rage. Kuma kafin ka amsa maganar uku, ku shiga garka da Yaya Hassan tukuna.

Ɗanka, Ɗan Azumi.

*

Gidimuni, ranar Lahadi

Ɗan Azumi, muna lafiya, Delu ta yi guɗa har awaki suka watse.

Mun shiga garka. Albasa akwai, kabewa sai an yi ruwa, ka gaya mata haka. Maganar baɗi, ka ce mata biyu tabbas, na uku sai mun ga dashe. Hassan ne ya ce a faɗa haka, shi zai yi dashen. Jakar Jado yanzu irin albasa ne a ciki, tana rataye a zaure.

Jiya na hango Suma'ila ta kan shinge yana zuba kwando, yana waige-waige, ƙanana a sama. Da ya ga na gan shi ya ce, "To, wai wa ya koya maka wannan abin ne?" Na ce masa haka muka tarar iyayenmu suna yi.

Ka zo ka ci miyar kukarka.

Kawunka, Ɗanƙarami.